Yi wa Kwamfuta Ƙaimi a Ƙasar Zafi: Jawabi ga Masu Gyara da Masu Aiki da Ita a Yola da Jimeta

 Barkanku da war haka, barkanmu kuma da zafi.

Da gangan na haɗa da gaisuwar zafi, domin shi ne rabin maganar da ta kawo ni gabanku yau. Kowa ya sani kwamfuta ta zama kayan aikin yau da kullum a wannan gari. Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, da na Kwalejin Ilmi ta Tarayya, duk da ita suke rubuta kundayensu, da ita suke zanen gine-gine da lissafin injiniya. Tun daga 2015 da ita 'ya'yanmu ke ɗaukar jarrabawar shiga jami'a. Ga masu shagunan buga takardu, ga masu haɗa hotunan bidiyo na biki da suna, ga kuma yara masu wasanni. To, a 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta shigo cikin samarinmu daga abin da suke kallo a intanet, watau shiga cikin tsarin kwamfuta a tilasta mata gudun da ya wuce wanda masu ƙera ta suka yanka mata. Samari suna kiran wannan abu obakulokin. Ni kuwa zan kira shi ƙaimi, domin mutanen Adamawa sun san doki, sun kuma san abin da ke samun dokin da aka dinga yi wa ƙaimi da rana tsaka.

Ban zo in ce haramun ne ba, ban kuwa zo in tsorata kowa ba. Kayanka ne, da kuɗinka ka saya. Abin da Gwamnati ke so shi ne kowa ya san abin da yake taɓawa kafin ya taɓa, domin yawancin waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su da kuɗin waje, kuma duk wadda ta ƙone hasara ce ga mai ita da ƙasa baki ɗaya.

Bari mu fara da ƙofar da ake shiga. A cikin kowace kwamfuta akwai babban faifai wanda ake dasa kome a kansa, masu gyara na kiransa bod. A jikin bod ɗin akwai wata 'yar ƙaramar ma'ajiya mai ɗauke da umurnin farko da kwamfuta ke bi da zarar an kunna ta, tun kafin Windows ta farka. Wannan shi ne Bayos. Shi ke duba cewa kome na nan, shi ke gaya wa furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, irin gudun da za ta yi da yawan wutar da za ta sha, shi ne kuma ke daidaita ram, watau teburin da furosesa ke baza aikinta a kai muddin akwai wuta. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana da Bayos. Daga 2005 manyan kamfanoni suka haɗa kai a kan sabon tsari mai suna UEFI, wanda shi ne a cikin na'urorin yanzu, amma bakin mutane ya riga ya saba, har gobe Bayos ake cewa. Ana shiga ne ta danna wani maɓalli da zarar an kunna: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin Lenovo na ofis, maɓallin Delete kuwa a bod ɗin ASUS da MSI da Gigabyte.

A nan zan sauke wa da yawa daga cikinku nauyi. Galibin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo ta Ikko suka iso mu. Irin waɗannan, da kusan dukan kwamfutocin cinya, masu ƙera su sun toshe ƙofar ƙaimi tun daga masana'anta. Idan ka shiga Bayos ɗinka ba ka ga wurin sauya gudu ba, ba lalacewa ta yi ba, haka aka yi ta. Kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce zai ɗora mata wani Bayos da aka yi wa kwaskwarima don ya buɗe ƙofar. Sau da yawa ƙarshen wannan aiki shi ne bod ya mutu murus.

Yaya ake auna gudun furosesa? A cikinta akwai agogo mai bugawa, kowane bugu tana yin taki ɗaya na aiki. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne megahaz ɗaya, megahaz 1,000 kuwa gigahaz ɗaya. Waccan ta 1981 megahaz 4.77 take yi. Ta yanzu, bod yana ba ta bugun tushe na megahaz 100, ita kuma ta riɓanya shi da wata lamba. In lambar 36 ce, gudu ya zama 3,600, watau gigahaz 3.6. Mai ƙaimi ba abin da yake yi illa ya ɗaga wannan lamba, ya mai da 36 ta zama 40 ko 42.

Wannan al'ada tana da asali, kuma a zamaninta da riba. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai megahaz 300. Mutane suka gano cewa in an ɗaga bugun tushenta daga 66 zuwa 100, sai ta yi 450 lafiya lau, ta kamo waɗanda suka ninka ta tsada. Ƙarin rabi ke nan a kyauta. Labarin irin wannan garaɓasa ne har yanzu ke yawo a kunnen matasa. A wajen wannan lokaci ne kuma kamfanoni suka shiga kulle lambar riɓanyawa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne 'yan damfara da ke goge lambar da ke jikin furosesa su rubuta wadda ta fi ta, su sayar da tsada. A yau, a wajen Intel, sai furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, a kan bod mai harafin Z, take karɓar ƙaimi. A wajen AMD kuwa, yawancin jerin Ryzen da suka fara fitowa a 2017 a buɗe suke.

To, ina matsalar take? Ku ba ni hankalinku a nan, domin nan ne gindin maganar. Furosesa ba ta ƙara gudu haka kawai. In ka ɗaga lambar, a wani matsayi sai ta fara kuskuren lissafi, sai ka ƙara mata ƙarfin wuta kafin ta tsaya daidai. Ƙarfin da take sha ɗan kaɗan ne, bolt ɗaya da 'yan kai, amma zafin da take fitarwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan ƙarfi, tsalle yake yi. Ƙa'idar ita ce, zafi yana ƙaruwa daidai da ƙarin gudu, sa'an nan yana ƙaruwa da ƙarin bolt sau kansa. Ga misali. Ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, ka ɗaga wuta daga bolt 1.20 zuwa 1.35. Ƙarin wutar kaɗai ya kawo ƙarin zafi na wajen kashi 27, in an haɗa da na gudun sai ya tasam ma kashi 40. Watau ka sayi ƙarin gudu na kashi 10 da ƙarin zafi na kashi 40. Wane ɗan kasuwa ne a Kasuwar Jimeta zai yarda da wannan ciniki?

Kada kuma ƙanƙantar bolt ɗin ta ruɗe ku. Furosesar da ke cin wat 150 a kan bolt 1.25, igiyar wutar da ke ratsa ta ta kai amfiya 120. Masu walda da ke cikinmu sun san wannan lamba, da irinta suke narka ƙarfe. Duk wannan yana bi ta cikin abin da bai kai faɗin akwatin ashana ba.

Yanzu mu dawo gida. Fanka da ƙarfen da ke kan furosesa ba sa ƙirƙiro sanyi. Aikinsu su kwashe zafi su miƙa wa iskar ɗaki. Saboda haka zafin furosesa kullum shi ne zafin ɗaki, a ɗora masa wani abu a kai. A ce fankarka tana riƙe furosesa a digiri 60 sama da iskar ɗaki in aiki ya yi nauyi. Baturen da ka gani a bidiyo yana zaune a ɗaki mai digiri 22, tasa ta tsaya a 82, yana murmushi. Kai kuma kana cikin shago mai rufin kwano a Jambutu ko Doubeli, cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin wannan kwari na Binuwai kan haura digiri 40 a inuwa. Taka ta kai 100. Na'ura iri ɗaya, saiti iri ɗaya, amma shi yana da sauran fili, kai kuwa ka riga ka kai bango. Yawancin furosesoshin Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne, na Ryzen jerin 7000 kuwa 95. Da sun kai nan sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Abin dariya, abin tausayi, sai ka ga wanda ya yi ƙaimi ya koma baya ga wanda bai yi ba, domin tasa minti biyu take sukuwa ta yi ta haki sauran yini, ta maƙwabcinsa kuwa tana tafiyarta a natse.

Ga kuma ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ƙura cikin haƙoran ƙarfen sanyaya har ta zama kamar bargo, sai bazara ta zo ta tarar da na'urar a lulluɓe. Wannan ya sa saitin da ya zauna daram da asubahin Janairu yake tuɓurewa da azahar ɗin Afrilu, mai shi ya rasa dalili, ya ce ai ban taɓa kome ba. Gaskiya ne bai taɓa ba. Gari ne ya sauya.

Wani zai ce, tun da tana kare kanta, ina laifi? Laifin shi ne wuta mai yawa da zafi mai yawa suna cin 'yan siraran hanyoyin da ke cikin furosesa sannu a hankali, kamar yadda ruwa ke cin gaɓar kogi. Ba a gani, ba a kuwa gyarawa. Wata rana gudun da take yi jiya ba za ta iya shi ba, daga baya ko gudunta na asali sai ya gagare ta. Kada a ɗauka zancen tsoratarwa ne. A Afrilun 2023 an sami wasu furosesoshin Ryzen jerin 7000 da suka ƙone a kan bod saboda wutar da ta yi wa wani sashe nasu yawa, har kamfanin AMD ya sa aka fitar da sabon Bayos da ya kafa wa sashen iyakar bolt 1.3. A 2024 kuma kamfanin Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na tebur, zuriya ta 13 da ta 14, suna neman wutar da ta wuce kima har tana nakasa su, ya fitar da gyara ta hanyar Bayos, ya ƙara wa masu su garanti na shekara 2. In injiniyoyin da suka ƙera abin da kansu za su yi tuntuɓe a kan ɗan ƙarin wuta, ina ga wanda ya kwafo lamba daga bidiyon minti 10? Ku sani kuma, kamfanonin sun faɗa a rubuce cewa garantinsu bai shafi ɓarnar da ƙaimi ya jawo ba.

Sa'an nan garaɓasar 1998 ta wuce. Furosesar zamani da kanta take ɗaga gudunta in ta ga akwai sanyi da wuta, ta sauke in babu, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Masu ƙera ta sun riga sun tatse kusan duk abin da ke cikinta, abin da ya rage wa mai ƙaimi ɗan kaɗan ne wanda ido ba ya gani sai ma'auni. Waɗanda kuke jin sun haura gigahaz 9, kamar yadda aka fara yi a ƙarshen 2022, da ruwan iskar da ta fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba suke yi, na ɗan lokaci kaɗan, don gasa. Wannan wasan masu hali ne, ba aiki ba ne.

Ra'ayina a kan furosesa ke nan, ba ɓoye-ɓoye: a wannan gari, a bar lambarta yadda aka same ta. Wanda ma hannunsa ke ƙaiƙayi, to ya juya akalar ta ɗaya gefen. Yawancin bod masu buɗaɗɗen Bayos suna da wurin rage iyakar wat da furosesa za ta ci. A kan AMD akwai saitin da ake kira Eco Mode. Ka rage wat sosai, gudun da za ka rasa kaɗan ne, domin ƙa'idar nan da na faɗa tana aiki gaba da baya. Na'ura ta yi sanyi, fanka ta daina kuka, batirin sola ya ƙara daɗewa. Wat 50 da ka rage, in kana aikin awa 8, yunit 12 ke nan a wata. Wanda ke sayen man janareta tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Maganar ram dabam take, kuma a nan akwai haƙƙinka da wataƙila kake bari a ƙasa ba ka sani ba. Akwai wata ƙungiyar masana'antu mai suna JEDEC wadda ke yanka ma'aunin da kowane ram zai bi don ya yi aiki a kowane bod. Ita ta sa DDR3 a kan bolt 1.5, DDR4 a kan 1.2, DDR5 a kan 1.1. A jikin kowane sandan ram akwai ɗan guntun ma'aji da ke gaya wa Bayos gudunsa. To, da yawa daga cikin sandunan da ake sayarwa da lamba 3200 ko 3600 a kwalinsu, in ka dasa su, a kan 2133 ko 2400 za su tashi, domin shi ne gudun aminci da Bayos ke ɗauka. Gudun da ka biya kuɗinsa yana ajiye a wani saiti na biyu wanda sai ka kira shi. Intel ta fito da wannan tsari a 2007 da sunan XMP, AMD ta fito da nata a 2022 da sunan EXPO, a wasu bod ɗin ASUS kuwa za ka ga an rubuta DOCP. Duk abu guda ne. Ka shiga Bayos, ka zaɓi saiti na ɗaya, ka danna F10 ka adana. Shi ke nan. Wutar DDR4 za ta tashi daga 1.2 zuwa 1.35, wadda masu ƙera sandan suka gwada shi a kai.

Amma fa shi ma ƙaimi ne a idon masu furosesa, domin sashen da ke magana da ram a cikin furosesa yake, kuma ba kowace ce ke ɗaukar duk gudun da aka rubuta a kwali ba. Bambancinsa da na farko shi ne zafin da yake ƙarawa kaɗan ne, amfaninsa kuwa a fili yake, musamman ga na'urar da ba ta da katin hoto na dabam, wadda ke aron ram don zana abin da ake gani. Akwai kuma sandunan 3200 na ainihin ma'aunin JEDEC, irin na kwamfutocin cinya da na ofis, waɗanda ke tashi a gudunsu ba tare da an taɓa kome ba.

Kada a bi babbar lamba ido rufe. Kusa da gudun akwai wata lamba, CL, wadda ke nuna bugu nawa ram ke jira kafin ya amsa kira. Sandan 3200 mai CL16 da na 3600 mai CL18, jinkirinsu ɗaya ne cif, kashi 10 cikin biliyan na daƙiƙa. Lissafin mai sauƙi ne: ka riɓa CL da 2,000, ka raba da gudun. Haka kuma wanda ya duba da manhajar CPU-Z ya ga 1600 alhali ya sa 3200, kada ya koma ya kama wuyan mai shago. Irin wannan ram sau 2 yake aika saƙo a kowane bugu, rabin lambar ake nuna maka.

Abin da ya fi duk wannan riba ma ba a cikin Bayos yake ba. Sanda 2 masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16, domin furosesa tana da hanya 2 zuwa ram, mai sanda ɗaya kuwa ya rufe guda. Ku tuna yadda gadar Jimeta kan kasance in an tare hannu ɗaya. A bod mai rami 4, galibi rami na 2 da na 4 daga wajen furosesa ake fara cikawa, amma a duba littafin bod ɗin. In ka gauraya sanda mai sauri da mai nawa, duka za su bi mai nawa, wani lokaci ma su ƙi zama tare sam. Tsohuwar kwamfuta mai faifan ajiya mai juyawa kuwa, a sauya mata da SSD, a busa mata ƙura, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta. Wanda ya yi waɗannan zai ji kamar sabuwa ya saya, bai kuwa ƙara mata ko ɗigon wuta ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ya sa na karɓi gayyatar nan. Furosesa in ta gaji takan tsaya cik ko ta nuna shuɗiyar fuska, kowa ya san akwai matsala. Ram kuwa yakan yi kuskure shiru. Sifili ɗaya ya juye ya zama ɗaya a cikin biliyoyi, kwamfuta ta ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru, ta adana kuskuren a cikin takardarka. Na taɓa ganin wannan da idona. Wata ɗaliba ta kai kundin digirinta wani shagon buga takardu don a daidaita mata shafuka. Yaron shagon, mai ƙwazo ne ƙwarai, ya ɗaga gudun ram da hannu ya wuce abin da ke kwali, na'urar kuwa tana tashi lafiya, sai ya ɗauka ya ci nasara. Aka yi aiki da azahar, aka adana a kan ainihin kundin da ke filas ɗinta. Washegari kundi ya ƙi buɗewa ko'ina, ba ta da wani kwafi sai tsohon da ta aika wa malaminta wata 2 baya. Da muka gwada ram ɗin da safe bai nuna kome ba. Da muka sake bayan azahar, jajayen layuka suka cika fuskar. Yaron bai yi nufin cuta ba, amma aikin wata 2 na baiwar Allah ya tafi.

Saboda haka tashin kwamfuta ba shaida ba ce. Duk wanda ya kunna XMP ko ya sauya wani abu a ram, tilas ne ya gwada. Akwai manhajar MemTest86, kyauta ce, ana sa ta a filas a tayar da kwamfuta da ita. A bar ta ta zagaya sau 4, ko da zai ci awoyi. Kuskure ɗaya tak ya isa a ce an faɗi, ba a yi masa uzuri. In an faɗi, a sauko mataki ɗaya, daga 3600 zuwa 3200, a sake. A yi gwajin da rana tsaka, a ɗakin da za a yi aikin, murfin akwati a rufe, ba da dare a gaban fanka ba. Gwajin da aka ci a Disamba a maimaita shi a Afrilu. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta tsohuwar lamba a takarda kafin a taɓa ta, ko a ɗauki hoton fuskar da waya. Aikin yana son abin da iyayenmu Fulani ke kira munyal.

In kuwa ka adana saiti fuska ta yi baƙi ƙirin, kada hankalinka ya tashi. Sabon ram na DDR5 yakan ɗauki mintoci yana daidaita kansa a tashin farko, a ba shi lokaci. Bod da yawa in sun gwada sau 'yan kaɗan abin ya ƙi, da kansu suke komawa saitin asali. In bai koma ba, a zare wayar wuta daga bango, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, a jira mintoci kaɗan, a mayar. Bayos zai manta duk abin da aka gaya masa, sai a gyara kwanan wata da agogo. Gargaɗi ɗaya: kwamfutar da aka kulle faifanta da BitLocker tana iya neman mabuɗin ceto mai lamba 48 bayan irin wannan aiki. Mai gyara ya tambayi mai kaya ko yana da shi tun kafin ya buɗe akwati.

Sabunta Bayos kansa wani lokaci wajibi ne, kamar ga masu waɗancan furosesoshi na 2023 da 2024. Amma aiki ne na minti kaɗan wanda in wuta ta ɗauke a tsakiyarsa bod na iya zama gawa. Mu da ke ƙarshen dogon layin wuta mun san halinmu. Ba mu manta da Afrilun 2024 ba, sa'ad da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, wannan yanki ya shiga duhu na makonni. Kada a fara wannan aiki sai a kan inbata mai cikakken caji ko batirin ko-ta-kwana, kuma daga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin kaɗai za a ɗauko shi, a tabbata lambar bod ta dace harafi da harafi.

Saura kalma biyu, ɗaya ga masu riƙe da amanar jama'a, ɗaya ga 'yan kasuwa. Kwamfutar da ke ɗauke da albashin ma'aikata, ko bayanan marasa lafiya, ko sakamakon ɗalibai, ko wadda yaro zai zauna gabanta ranar jarrabawa, ba wurin gwaji ba ce. A bar ta a kan saitin masana'anta, har ram ɗinta, a sa wa Bayos ɗinta kalmar sirri, shugaban wurin ya riƙe a rubuce. Ku kuma masu haɗawa da sayarwa, in kun taɓa gudun na'ura ku gaya wa mai saye, ku rubuta masa a rasit. Sayar da furosesar da aka ɗaga a matsayin wadda aka ƙera a haka algus ne, ba shi da bambanci da jiƙa hatsi kafin awo. Mai saye kuma yana da ikon ya ce a shiga Bayos a gabansa a mai da kome saitin asali, sa'an nan a duba sunan furosesa da gudun ram, kafin ya ƙirga kuɗi.

Na ga an ajiye mana kwamfuta 2 a bayan zauren nan. Bayan salla za mu buɗe su, a cire batirin a mayar, a kunna XMP, a tayar da gwajin ram, kowa ya taɓa da hannunsa. Masu tambaya kuma ina nan har la'asar.